Ragar saman motar hamada: abin da ake ɗora mata da abin da ake hana ta

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin garin Agadez ya ga motocin da ke shirin ratsa hamadar Tenere zuwa Dirku ko Bilma, samansu ne zai fara ɗaukar idonsa. Jarkoki a jere, tayar safaya, tabarmi, buhuna, farantan ƙarfe masu huji-huji, an bi an tamke su da igiya har mota ta koma kamar raƙumin ayari. Wannan shimfiɗar ƙarfe da ake kafawa a kan rufin mota domin ɗora kaya ita ce raga. Masu gareji a Nijeriya kan kira ta kariya, a Nijar kuwa an fi jin galeri, kalmar da aka aro daga Faransanci.

Tafiyar da ake yi wa wannan shiri ba ta wasa ba ce. Tsakanin Agadez da Bilma akwai fiye da kilomita 500, mafi yawansu rairayi ne da fako, babu gidan mai, babu gareji. Hanya ɗaya kan bi ta rijiyar Bishiyar Tenere zuwa Fashi sannan Bilma, ɗaya kuma ta bi ta Ashegur zuwa Dirku. Don haka direba yana bukatar mai da ruwa da yawa, kuma su ne kayan da suka fi kome nauyi. Matsalar ita ce rufin mota, inda ido ke ganin fili, shi ne wurin da ya fi kowane wuri rashin jure nauyi. Duk ilimin shirya raga yana tsakanin waɗannan abubuwa biyu.

Iyakar da aka ƙayyade

Kowace mota tana da iyakar nauyin da kamfanin da ya ƙera ta ya yarda a ɗora wa rufinta, kuma tana rubuce a littafin motar. Iyakar iri biyu ce. Akwai ta tafiya, wato abin da rufin zai ɗauka mota na gudu, akwai kuma ta tsaye, wato abin da zai ɗauka an kashe inji an ja birki. Ta tsaye ta fi yawa nesa ba kusa ba. Kamfanin Land Rover, alal misali, ya ba sabuwar Defender kilo 300 a tsaye, amma kilo 168 kawai a tafiya, kuma wannan mota tana cikin masu ƙarfin rufi. Motoci da dama iyakar tafiyarsu ba ta wuce kilo 75 zuwa 100 ba.

Abu biyu ne mutane suka fi mantawa. Na farko, nauyin ragar kanta yana cikin lissafi. Na biyu, iyakar da ke littafi ta kan kwalta ce. A gargada, duk lokacin da taya ta faɗa rami ko ta daki kunya, kayan da ke sama sukan yi tsalle su dawo wa rufin da ƙarfin da ya ninka nauyinsu. Shi ya sa wasu masu ƙera raga, irin su Rhino-Rack na Ostareliya, suke ba da shawarar a raba iyakar da 1.5 idan za a bar kwalta.

A ɗauki motar da iyakarta kilo 100 ce. In an raba da 1.5, saura kusan kilo 66. In ragar tana da kilo 30, abin da ya rage wa kaya kilo 36 ne. Wannan bai kai jarkar ruwa biyu masu lita 20 ba, kusan nauyin tayar safaya guda ne da gammonta. Wanda ya saba ganin lodin Agadez zai yi dariya, ya ce ai ana ɗora ninkin wannan sau biyar kuma ana isa. Gaskiya ne, ana isa. Sai dai direbobin da ke yin hakan sun san kowane tudu na hanyar, suna tafiya a ayari, kuma duk da haka ba kowace mota ce ke isa da ƙafafunta a ƙasa ba. Baƙon hanya, ko ma'aikacin lafiya ko ɗan jarida ko mai aikin safiyo, ba shi da wannan gata.

Dalilin da mota ke kifewa

Kowane abu yana da cibiyar nauyi, wato wurin da nauyinsa ya tattaru. Muddin wannan cibiya tana tsakanin tayoyin hagu da na dama, mota tana tsaye. Da zarar karkata ta fitar da ita waje da layin tayoyin gefe ɗaya, sai kifewa. Hukumar kula da lafiyar hanyoyi ta Amurka tana auna wannan haɗari da lissafi mai sauƙi: faɗin da ke tsakanin tayoyi a raba shi da ninki biyu na tsayin cibiyar nauyi. Yadda sakamakon ya ƙanƙanta, haka motar take saurin wuntsilawa. Motocin daji tun daga masana'anta dogaye ne, don a ba cikinsu tazara daga ƙasa, saboda haka sun riga sun fi ƙananan motoci kusa da haɗarin. Kowane kilo da aka ɗora kusan mita 2 daga ƙasa yana ƙara ɗaga cibiyar.

A kan kwalta, wannan kan bayyana ne lokacin da direba ya kauce wa akuya ko rami da sauri, motar ta yi tangaɗi ta ƙi dawowa. A hamada kuwa wurin haɗarin shi ne gefen tudun rairayi. Idan mota ta hau tudu a karkace, rairayin da ke ƙarƙashin tayoyin gangare yakan zame, karkatar ta ƙaru farat ɗaya, nauyin sama ya ƙarasa aikin. Mutanen ayari sun daɗe da sanin wannan. Masu ɗauko kantun gishiri daga Bilma sukan raba kaya daidai a gefe biyu na raƙumi, su rataye mai nauyi a ƙasa kusa da haƙarƙari, marar nauyi ne ke hawa can sama.

Ragar kanta

Ana yin raga da ƙarfe ko da alminiyam. Ta alminiyam ba ta da nauyi, ba ta tsatsa, amma tana da tsada, kuma in ta tsage ba kowane mai walda ne zai iya ɗinke ta ba. Ta ƙarfe ta fi nauyi, amma ko a ƙaramin gari za a samu mai gyara ta. Ga wanda ke aiki nesa da manyan birane wannan ba ƙaramin dalili ba ne. Laifin ragar da ake haɗawa a gida shi ne mai walda yakan nuna gwanintarsa da kaurin ƙarfe, sai a wayi gari ragar ita kaɗai ta cinye rabin iyakar rufin tun ba a ɗora mata ko allura ba. A auna ta kafin a kafa.

Wurin kafawa ya fi siffar ragar muhimmanci. Tsofaffin motocin daji, da Land Cruiser jerin 70 da Toyota ke ƙerawa tun 1984, suna da magudanar ruwan sama a gefen rufi, a nan ƙafafun raga ke kamawa. Yawan ƙafafun shi ke rarraba nauyi. Raga doguwa mai ƙafa huɗu kacal takan tsaga magudanar a gargada. Sababbin motoci suna da wuraren noti da aka tanada a rufin, kuma a nan kaɗai ya kamata a ɗaure. Huda rufi a inda aka ga dama yana kawo yoyo da tsatsa, sannan fallen rufin bai da ƙarfin riƙe kome.

Masu a-kori-kura irin Hilux su lura da abu ɗaya: kan motar da bodinta ba jiki ɗaya ba ne, kowanne motsinsa daban idan shasi ya murɗa a hanya. Ragar da aka haɗa su biyu da ita a sandare, ko dai ta karye ko ta yage wurin da aka ɗaure ta.

Mai da ruwa

A nan ne gardamar take. Lita 20 ta ruwa kilo 20 ce. Lita 20 ta man dizal, wanda ake ce wa gas a Nijeriya, gazuwal a Nijar, kusan kilo 17 ce. Ta fetur kusan kilo 15. A ƙara kusan kilo 4 na jarkar ƙarfe. Jarka huɗu na dizal sun haura kilo 80, wato sun wuce duk abin da lissafin baya ya bari. Ga shi kuma a rairayi mai laushi shan man mota kan yi kusan ninki, don haka ba a rage mai a ce za a yi tattali.

Mafita ita ce a nema wa mai wuri a ƙasa. Wannan ne ya sa Land Cruiser 78, wadda ƙungiyoyin agaji suka fi so, take zuwa da tanki biyu masu ɗaukar lita 180 a haɗe, kuma wasu masu motoci sukan sa a ƙara musu tanki a ƙarƙashi. A a-kori-kura, jarkoki na zama a ƙasan bodi, jingine da bayan kan mota, a ɗaure. Idan dole ta sa an hau da mai kan raga, a sa shi a tsakiya, kusa da ƙafafun ragar, kuma da zarar tanki ya samu wuri a juye shi. Jarkar da babu kome cikinta ba ta da matsala a sama. Fetur dai ba ya shiga inda mutane ke zaune ko kaɗan, domin tururinsa yana bugarwa, kuma tartsatsi ɗaya ya ishe shi.

Ita jarkar ƙarfe tana da tarihi. A Jamus aka ƙirƙiro ta cikin shekarun 1930 domin sojoji, sojojin Ingila suka gan ta a Yaƙin Duniya na Biyu suka kwaikwaya, suka laƙa mata sunan da suke tsokanar Jamusawa da shi, daga nan kalmar ta gangaro har ta zama jarka a bakinmu. Ƙirarta ba ado ba ce. Hannuwa uku suna ba mutum ɗaya damar ɗaukar biyu a hannu ɗaya in babu kome ciki, ko mutum biyu su kama guda. Zanen da aka lotsa a jikinta yana ƙara mata ƙarfi, yana kuma bari ta kumbura ta saki da zafi da sanyi. Sararin iskar da ke can sama bayan hannuwan shi ke karɓar kumburin mai. Wannan ya sa ba a karkata ta don a cika ta fal. A rana irin ta Bilma, inda zafi ke haura digiri 40 a bazara, jarkar fetur da ta wuni a kan raga takan tara iska. A sauke ta, a bar ta ta huce, a buɗe a hankali fuska na kallon gefe. Kuma a ƙasa ake cika jarka, ba a kan mota ba, saboda tartsatsin da gogayya ke haifarwa a busasshiyar iska.

Jarkar roba rawaya mai lita 25, wadda aka ci man girkinta aka wanke, ita ce ta kowa, kuma ba a yi ta don mai ba. Rana tana busar da ita ta tsage, murfinta na yoyo, gogar ƙarfen raga na huda ta. A kuma tuna cewa ɗaukar mai a jarka ba ko'ina doka ta yarda da shi ba. A 2021 gwamnatocin jihohin Zamfara da Katsina sun hana sayar da fetur a jarka saboda matsalar 'yan bindiga, kuma jarkoki a jere a saman mota abu ne da ke jawo tambaya a kowane shingen jami'an tsaro. Mai tafiyar aiki ya riƙe takardar da ke bayyana inda za shi da dalilin man.

Ruwa ya fi mai nauyi, ya kuma fi shi daraja. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawawwakin mutum 92, mafi yawansu mata da yara, a arewacin Arlit kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocin da suka ɗauko su sun lalace. Ƙishirwa ce ta kashe su. Don haka ba da kwanakin tafiya ake lissafin ruwa ba, da kwanakin da za a iya yi ana jiran ceto ake yi, kuma kowane mutum ba ya kasa lita 5 na sha a rana, ban da na lagireto da na girki. Wannan ruwa a cikin mota yake zama, a ƙasa, tsakanin tayoyin gaba da na baya, a rarrabe cikin mazubai da yawa domin in ɗaya ya fashe kada a rasa duka. Abin da aka yarda ya fita waje shi ne na shan hanya: salka, ko ƙaramar jarka da aka naɗe da buhun algarara aka jiƙa, a rataye a gefe iska na bugunta. Yadda ruwan jikin buhun ke bushewa haka na ciki ke sanyi. Dabara ce tsohuwa, kuma ba ta bukatar batir.

Kayan fitar da mota idan ta kafe

Waɗannan ne ainihin 'yan gidan raga, domin dogaye ne, ba su da nauyi sosai, kuma bayan an yi aiki da su ba wanda ke son su kusa da kujera. Na farko su ne farantan da ake cusawa ƙarƙashin taya idan ta nutse. Tsofaffin na ƙarfe masu huji asalinsu shimfiɗar filin jirgin sama ce ta wucin gadi da sojojin Amurka suka yi amfani da ita a Yaƙin Duniya na Biyu. Daga baya aka yi na alminiyam, yanzu kuma akwai na roba mai tauri, irin Maxtrax, da kowanne bai kai kilo 4 ba. Biyu sun wadatar ga mota marar lodi, huɗu sun fi. A ɗaura wa kowanne igiya mai launi, domin taya kan binne shi a rairayi har a rasa inda yake. A kuma sa su a gefen raga inda hannu zai kai daga ƙasa. Wanda ya kafe sau goma a wuni ɗaya ya san dalili.

Sai shebur mai dogon hannu, wanda zai isa ƙarƙashin cikin mota, da igiyar ja mai ƙarfi. Dogon jak na daji, irin Hi-Lift, yana da kusan kilo 13 ko fiye, kuma yana da haɗari ga wanda bai iya shi ba, domin hannunsa kan ƙwace ya daki haɓa. A rairayi ba ya aiki sai da faffaɗan katako a ƙarƙashinsa. In akwai wurin rataye shi a baya, ya fi sama.

Abin da ya fi duk waɗannan hana kafewa ba ya kan raga. Rage iskar taya ne zuwa kusan rabin abin da ake sa mata a kwalta, domin tafinta ya yi tsawo ya hau kan rairayi. Wannan na bukatar ma'aunin iska da famfo mai aiki da batir, su kuma a cikin mota suke zama, nesa da ƙura. Sai dai taya mai ƙarancin iska tana ƙara wa mota tangaɗi, wanda dalili ne na biyu na sauƙaƙa wa rufi.

Taya, tanti da sauransu

A doguwar hanya safaya ɗaya ba ta isa. Ta biyun ce ake rasa inda za a sa, sai a jefa ta sama. Tayar Land Cruiser da gammonta takan kai kilo 30 zuwa 40, kuma sauke ta daga rufi aiki ne na mutum biyu. Wasu direbobi sukan ɗauki tayar kawai ba gammo, tare da tub da kayan faci, nauyin ya ragu sosai.

Tantin da ake kafawa a kan raga ya samu karɓuwa a Afirka ta Kudu da Ostareliya, inda ake gudun namun daji da danshin ƙasa. Iyakar tsaye ce ke ba shi damar ɗaukar mutum biyu suna barci, amma shi kansa yakan kai kilo 50 ko fiye, kuma wannan nauyi yana sama duk tsawon tafiya. A Tenere, inda ruwan sama a Bilma ba ya kai milimita 20 a shekara, tabarma da bargo sun yi aikinsa, kuma bargon ba na ƙawa ba ne, domin daren hunturu a can yakan kusa daskarar da ruwa. Rumfar da ake naɗewa a gefen raga kuwa ta cancanci wurinta. A ƙasar da bishiya guda ta yi suna har ta shiga taswira, kafin wata babbar mota ta buge ta a 1973 aka kai gangar jikinta gidan tarihi na Yamai, inuwa abin ɗauka ce daga gida. A dai kafe ta da turaku, a kuma naɗe ta da zarar iska ta taso.

Farantin sola ba shi da nauyi, wurinsa sama ne, muddin ba a rufe shi da kaya ba kuma ana share masa ƙura. Tukunyar gas ta girki tana tafiya a waje, a tsaye, a ɗaure. Fitilun kan raga suna haska nesa a dare mai garau, amma cikin ƙura ko hazon hunturu haskensu kan dawo idon direba; a kan titi kuma suna makantar da mai tahowa, don haka a kashe su.

Ɗauri

Mafi nauyin abin da ya hau raga ya zauna a tsakiya, hagu da dama su yi daidai. Kada kome ya leƙo gaba da gilashi inda iska za ta shiga ƙarƙashinsa ta ɗaga shi. Robar da ake yankowa daga tsohon tub, wadda 'yan lodi ke ji da ita, tana da kyau ga tabarma da katifa, amma miƙewar da take yi ce ke ba abu mai nauyi damar tsalle. Jarka da taya sai bel mai ƙugiya da abin tamkewa, ko maƙalin ƙarfe da aka yi musu. Kowane abu da ɗaurinsa, domin kada kwance guda ya saki sauran. Tamfol da ragar igiya a kai suna hana ƙananan kaya tashi, ba su ne ɗaurin ba.

Gargada tana kwance noti. Bayan kilomita 20 ko 30 na farko a tsaya a sake tamke kowane bel, a bi ƙafafun ragar da sifana, sannan a maimaita kowace safiya kafin tashi. Baƙin gari ko jan tsatsa a kewayen noti alama ce cewa wurin yana motsi. Direba ya kuma auna sabon tsayin motarsa da kaya, ya rubuta a takarda ya manna kusa da sitiyari, saboda ƙofofin gidaje, rassan bishiya da wayoyin lantarki da suka sauko a cikin gari. In an dawo gida a sauke kayan, in da hali har ragar, domin ko babu kome a kanta tana kama iska, tana ƙara shan mai.